"Ai Haka Yake" Da "A Mai Da Shi Gida": Matasanmu Masu Galahanga A Kurmi

 

Akwai maganganu guda biyu da na gaji da jin su a bakin mutanenmu, daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Mile 12 zuwa Sabon Badun, duk sa'ad da aka ce wani saurayi ko wata budurwa mai galahanga al'amarinsa ya rikice. Ta farko ita ce, "Ai haka yake, haka Allah ya yi shi." Ta biyun kuma, "A mai da shi gida kawai." Na san da kyakkyawar niyya ake faɗar su, kuma galibi wanda ya gaji ne yake faɗa. Amma a ganina duka biyun suna cutar da yaran nan, cuta mai yawa kuwa. Zan kawo dalilaina, wanda ya ga akasin haka bismillah.

Kafin mu yi nisa bari mu daidaita a kan kalmar. Galahanga a bakin Bahaushe babban buhu ne, kowa ana cusa shi a ciki, mai shanyewar gaɓoɓi tun haihuwa, da mai jinkirin fahimta, da wanda ake ce wa ɗan ruwa. Wanda nake nufi a nan shi ne abin da likitoci ke kira otizim. Wato yanayi ne na ginuwar ƙwaƙwalwa da ake haihuwar mutum da shi, yana sa mu'amala da mutane da fahimtar nufinsu su yi masa wuya, yana sa shi son komai ya tafi a kan tsari ɗaya kullum, sannan ji da gani da taɓawa sukan zo masa da ƙarfin da mu ba ma jin su da shi. Wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner ne ya yi bayaninsa a 1943, bayan ya lura da yara 11. Wani mai galahangar ba ya magana ko kaɗan har ya girma, wani kuwa yana gama jami'a ya kama aiki, ana dai cewa mutumin nan bauɗaɗɗe ne. Hukumar Lafiya ta Duniya a baya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100, a Amurka kuwa inda ake tsananta bincike alƙaluman da aka fitar a 2025 sun nuna 1 cikin 31 a tsakanin 'yan shekara 8. Kuma tunda mu mutane ne masu saurin zargin allura, in faɗa a wuce wurin, allurar rigakafi ba ta kawo shi. Rahoton 1998 da ya haddasa wannan jita-jita mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, an kuma soke lasisin likitan da ya jagorance shi.

To, galahanga ba taɓin hankali ba ne, ba kuma ciwo ba ne da ake sha wa magani ya tafi. Wannan kam gaskiyar masu cewa "haka yake" ce. Inda suka kuskure shi ne, mai galahanga mutum ne, kuma duk ciwon da ke kama zuciyar mutum yana kama shi, har ma ya fi kama shi. A 2008 wasu masana a Landan, ƙarƙashin Farfesa Emily Simonoff, sun binciki yara 112 masu galahanga 'yan shekara 10 zuwa 14, suka tarar kashi 70 cikin 100 suna da aƙalla wata lalurar ƙwaƙwalwa guda ɗaya bayan galahangar, kashi 41 kuma suna da biyu ko fiye. Ciwon fargaba, da rashin natsuwa mai wuce kima, da ciwon damuwa, da waswasi, da rashin barci, su ne suka fi addabar su. Waɗannan duk ana maganin su. Wanda ya ce "haka yake" ya rufe ƙofar maganin tun kafin a ƙwanƙwasa.

Mai karatu zai ce, me ya sa su suka fi kamuwa? Ka ɗan sa kanka a matsayin yaro ɗan shekara 15 a gidan haya irin namu na Legas, mai ɗaki na kallon ɗaki, iyali goma banɗaki ɗaya. Kunnenka yana jin ƙarar janareton maƙwabci kamar a cikin kanka aka tayar da shi. Daga nan lasifikar coci, daga can ta masallaci, ga hon ɗin danfo, ga mai sayar da kaset, kuma babu inda za ka ɓuya. Ka fita yara su bi ka da tsokana da Yarabanci da buroka da Hausa, kowa da sunan da ya laƙaba maka. Ka je islamiyya malam ya ce ka dube shi in yana magana, ka kasa, ya ce raini ne, ya sa bulala. Lokacin da kake ƙarami ba ka damu ba, amma yanzu ka balaga, ka fara gane cewa sa'o'inka suna da abokai kai ba ka da su, ƙannenka ana aiken su kasuwa kai ba a aiken ka, in an yi baƙi ana tura ka ɗaki. Wace zuciya ce za ta ɗauki wannan shekara da shekaru ba ta yi rauni ba?

Matsalar ita ce ciwon na biyu yana shigowa ne a ɓoye, ya fake a bayan na farko. Masana a Amurka sun yi rubutu a kan wannan tun 1982, suka nuna cewa da zarar an laƙaba wa mutum wata naƙasa, to duk abin da ya same shi daga baya sai a jingina shi gare ta, har likitoci ma suna faɗawa wannan rami. Sunan farko ya zama inuwa ya rufe komai. Ga shi kuma da yawa daga cikin masu galahanga, har masu magana sarai, ba sa iya sanya wa abin da suke ji a zuci suna. Ba zai zo ya ce miki "Umma, raina a ɓace yake" ba. Abin da za ki gani shi ne canji. Wanda ke barci ya daina, ko wanda ke tashi da asuba ya koma kwana har azahar. Ya ƙi abincin da ba ya ƙi. Ya fara cizon hannunsa ko buga kansa da bango, ko ya ƙara a kan yadda yake yi. Wankan da ya iya da kansa ya daina. Babbar alama kuma, ya saki abin nan guda ɗaya da ya fi ƙauna a duniya.

Na san wani yaro a wata unguwa da na taɓa zama, ya kai shekara 17 a lokacin, wanda ya haddace hanyoyin motocin Legas kamar Fatiha. Ka ce masa daga Iyana-Ipaja za ka Obalende, zai lissafa maka tasha-tasha, da inda za ka sauka ka canza, da kuɗin da za ka biya. Kullum da la'asar yana bakin titi yana ƙirga manyan bas. Mutanen unguwa sun mai da shi abin nishaɗi, baƙo ya zo a kira shi a gwada. Sai aka wayi gari ya daina fita. A tambaye shi hanya ya juya baya. Wasu har suka yi wa uwarsa barka, wai ya fara hankali, ya bar shirmen motoci. Wata biyar aka ɗauka, ya rame, ya daina wanka, kafin wata ma'aikaciyar jinya da ke haya a gidan ta matsa a kai shi asibiti. Ciwon damuwa ne mai tsanani, kuma da aka bi diddigi ya faro ne bayan yayansa, wanda shi kaɗai ke zama da shi a bakin titin, ya tafi Arewa karatu, ba wanda ya yi tunanin zaunar da shi ya yi masa bayani. An ɗora shi a kan magani, aka tsara yayan ya riƙa kiran sa a waya kowace Juma'a bayan masallaci, lokaci ɗaya ba fashi. Galahangarsa tana nan yadda take, amma ya koma ƙirga motocinsa.

Sai dai kafin a ce zuciya ce, a fara duba jiki. Yaron da ba ya iya cewa haƙorina na ciwo, da duka da ihu zai faɗa. Ciwon haƙori, ciwon kunne, cushewar ciki, gyambon ciki, ciwon mara na al'ada ga 'yan mata, duk suna iya mai da yaro mai sanyi ya zama kamar an sauya shi. Haka farfaɗiya, wadda ta fi yawa a tsakanin masu galahanga, kuma takan fara bayyana a shekarun balaga, wani lokaci ba da faɗuwa da kumfa ba, sai dai ka ga yaro ya ƙame ya zuba ido na ɗan lokaci.

Yanzu ga maganar da ba ma son ji. Wani babban bincike da aka yi a Suwidin aka buga a 2016, wanda ya bi bayanan masu galahanga sama da 27,000, ya gano cewa mutuwa ta hanyar kashe kai ta ninka fiye da sau bakwai a cikinsu in an kwatanta da sauran jama'a, kuma haɗarin ya fi yawa ga waɗanda ba su da jinkirin fahimta, wato masu wayon nan da muke cewa ai su ba su da matsala. A Ingila ma a 2014 an tambayi manya 374 da aka gano galahangarsu bayan sun girma, kashi 66 cikin 100 suka ce sun taɓa tunanin kashe kansu. Na san abin da wani zai ce, wai wannan halin Turawa ne, mu muna da imani. Imani garkuwa ne, ban musa ba, amma mai imani yana kamuwa da hawan jini, yana kuma kamuwa da ciwon damuwa. In yaronka ya ce gara ya mutu, kada ka ce masa ya yi istigfari ya rufe baki shi ke nan. Mai galahanga ba ya cika yin zaurance ba, abin da ya faɗa shi yake nufi. Ka tambaye shi kai tsaye, da kalmomi a fili, domin tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi. Ka kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, kuma a ga likita a ranar.

'Yan mata kuwa nasu ya fi ɓoyuwa, kuma al'adarmu tana taya shi ɓoyuwa. Yarinyar da ba ta haɗa ido da mutane, ba ta son taron biki, ba ta da surutu, mu a wurinmu ai ita ce mai kunya, 'yar gidan mutunci. Da yawansu suna koyon kwaikwayon sauran mata, su haddace gaisuwa da murmushi da abin da ake faɗa a gidan suna, su yini suna wasan kwaikwayo, su dawo ɗaki a gajiye liƙis. Wannan ɓoye kai yana da tsada, bincike ya danganta shi da ciwon damuwa da fargaba. In ta kai shekara 17 ko 18 ta fara kulle kanta tana kuka, sai gwaggo ta yanke hukunci, aure take so, a yi mata za ta warke. A ɗauki yarinyar da sauya mata wurin kwanciya kaɗai yana hana ta barci mako guda, a kai ta gidan da ba ta sani ba, cikin dangin miji da surutunsu, da namijin da zai taɓa ta ba tare da ya san taɓawa ma wahala ce gare ta ba. In abin ya watse a wata uku a ce mayu ne ko kishiya. Ba cewa nake mai galahanga ba ta aure ba, suna yi kuma suna zama lafiya, amma da saninta da yardarta, da mijin da aka yi wa bayani, bayan an yi maganin abin da ke damun ta.

Mu dawo kan "a mai da shi gida". Mu mazauna kurmi gida shi ne maganin komai a wurinmu. Yaro ya fara shaye-shaye, gida. Mace ta yi rashin lafiya, gida. Kasuwa ta karye, gida. Kuma sau da yawa dabara ce mai kyau. Har ga mai galahanga ma akwai wanda ƙauye ya fi masa Legas sau goma, ga fili, ga shiru, ga awaki da zai yi kiwo, ga kaka mai haƙuri. Amma a duba yadda muke yin abin. Ana yanke shawara da daddare, da safe a saka shi a doguwar bas ko a bayan tirelar da ta sauke shanu, tafiyar kusan kilomita 1,000, ba a gaya masa ina za shi ba, ba a gaya masa yaushe zai dawo ba. Mutumin da duk natsuwarsa ta rataya a kan sanin abin da zai faru gobe, an raba shi da uwarsa da tabarmarsa da kofinsa da hanyar da ya saba bi, a rana ɗaya, kuma a daidai lokacin da yake cikin ciwo. Ya isa can ya ƙara rikicewa, kaka ta tsufa ba ta iya riƙe saurayi, kawu ya ce shi ba zai iya ba. Daga nan sai gidan mari.

Ba mu manta da abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019 ba, mutum sama da 300, manya da yara, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. A makonnin da suka biyo baya aka buɗe irin su a Daura da Ilori da nan Badun. A watan Nuwamba na shekarar ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto cewa ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa da sarƙa ya zama ruwan dare a ƙasar nan, a gidajen malamai da coci-coci da wuraren masu maganin gargajiya, har da wasu cibiyoyin gwamnati. Wato ba laifin ƙabila ɗaya ko addini ɗaya ba ne. Yaron da ba ya iya ba da labarin abin da aka yi masa shi ya fi kowa sauƙin faɗawa irin wannan wuri, shi ya fi kowa daɗewa a ciki.

Ni ban hana addu'a ba, wane ni. A yi tofi, a yi sadaka, uwa ta tashi da dare ta kai kukanta. Abin da nake ƙi shi ne a danne yaron da ƙara ke yi wa zafi kamar wuta, a kafa masa baki a kunne ana ihu, a turnuƙe shi da hayaƙi, in ya yi kururuwa a ce ga aljanin nan ya fara magana. Da yawa daga cikin masu galahanga suna maimaita abin da aka faɗa musu, ko su kira kansu da "kai" ko "shi" maimakon "ni". Ka ce masa "wane ne kai?" ya ce "wane ne kai?" Ka ce "za ka fita?" ya ce "za ka fita." Wannan tun bayanin Kanner na 1943 an san shi, yanayin harshensu ne. Malaman kirki, kuma muna da su a kowane zango, su ne ya kamata su fara cewa iyaye su tafi asibiti, su kuma su taya da addu'a.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, muna kwashe yaran daga inda masu maganin suke. Ƙasar nan mai mutum sama da miliyan 200 likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba, waɗanda suka ƙware a kan yara da matasa kuwa 'yan ƙalilan ne a cikinsu, kuma rabo mai tsoka na waɗannan yana nan kudu maso yamma. Asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba yana nan tun 1907, yana da sashen yara da matasa a Oshodi. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a Idi-Araba yake, mutanenmu na unguwar da ƙafa suke wuce ƙofarsa kullum. A Badun jami'a tana da cibiya sukutum ta lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa, kuma asibitin koyarwa ba shi da nisa da Sabo. A Abekuta ga Aro, inda marigayi Farfesa Adeoye Lambo ya fara wani tsari a 1954 da duniya ta yaba, wato a saukar da marar lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan uwansa, yana zuwa asibiti da rana yana kwana cikin jama'a, har ma ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Tun wancan lokaci ya gane cewa raba marar lafiya da nasa ƙara masa ciwo ne. In kuwa dole sai an koma gida, to a shirya tafiyar. A gaya wa yaron tun da sauran makonni, a nuna masa hoton gidan da mutanen da zai tarar, a tafi da kayansa da ya saba, uwa ta raka shi ta zauna har ya saba, kuma a karɓi takarda daga likitan nan zuwa asibitin Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko Dawanau a Kano, ko na Maiduguri, duk wanda ya fi kusa.

Kada kuma a ɗauka da an shiga asibiti magana ta ƙare. A nan ma akwai ramuka, kuma na farko harshe ne. Wadda ta san yaron ciki da waje uwarsa ce, ita kuwa sau da yawa Hausa kaɗai take ji sosai. Wanda ke jin Turanci ko buroka uban ne, shi kuma yana kasuwa daga asuba zuwa isha, bai san ko yaron ya yi barci jiya ba. Sai a je gaban likita mai layin mutum hamsin a waje, uba ya yi bayani cikin minti biyar, uwa tana gefe ta rufe fuska. Alhaji, don Allah ka bar ta ta yi magana, kai ka zama tafinta kawai, kuma ka fassara abin da ta ce, ba abin da kake ganin ya dace a ji ba. Sannan a sayi ɗan littafin rubutu na 'yan makaranta, ko da ajami ne a riƙa rubutawa kullum, ƙarfe nawa ya kwanta, me ya ci, yaushe ya rikice, me ya faru kafin nan. Likita bai san yadda yaron yake a da ba, kuma duk ganewar ciwon ta dogara ne a kan bambancin da da yanzu. Littafin mako huɗu ya fi bayanin awa guda.

Rami na biyu, yadda ake tambayar. Likita zai ce, "Kana jin muryoyi?" Yaro mai ɗaukar magana a kan zahirinta ya ce eh, domin ai yana jin muryar likitan da ta mutanen waje. Ko a gan shi yana magana shi kaɗai, alhali maimaita wani fim yake don ya kwantar da hankalinsa. In ba a yi hattara ba sai a rubuta masa babban taɓin hankali, a ɗora shi a kan ƙwayoyi masu nauyi. Ku gaya wa likita tun farko cewa yaron nan yana da galahanga, a yi masa gajerun tambayoyi, a ba shi lokaci ya amsa, in rubutu ko zane ya fi masa sauƙi a ba shi takarda. Ku roƙi a bar shi ya jira a wuri mai shiru, ko a waje, har layinsa ya zo.

Maganar ƙwaya kuma a yi ta da ido biyu. Babu ƙwayar da ke warkar da galahanga. Akwai magunguna biyu, risperidone da aripiprazole, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su a 2006 da 2009 don rage tsananin fushi da cutar da kai ga yara masu galahanga, suna taimakawa in an buƙace su, amma suna sa ƙiba da kasala da wasu illoli, dole likita ya riƙa bibiya. Magungunan damuwa da fargaba ma da kaɗan ake farawa, domin jikin wasunsu yana amsa magani ba kamar na kowa ba. A Ingila wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna Oliver McGowan, mai galahanga da farfaɗiya, ya rasu a 2016 a wani asibiti a Biristol bayan an ba shi wani maganin taɓin hankali da shi da iyayensa suka ce kada a ba shi, domin irinsa ya taɓa yi masa illa. Fafutukar mahaifiyarsa ce ta kai ga dokar 2022 da ta wajabta wa ma'aikatan lafiya a can samun horo a kan galahanga. In haka ta faru a inda ake da komai, ina ga mu da ke aika yaro kemis ya sayo ƙwayar barci a jefa wa yayansa a shayi don gida ya huta? Ku tambayi likita sunan maganin, da dalilinsa, da illarsa, da ranar da za a sake dubawa. Ku kuma tambayi ko akwai masanin halayyar ɗan Adam da zai riƙa zama da yaron, domin maganin fargaba ta hanyar tattaunawa yana aiki a kansu in an daidaita shi da su, da hotuna da misalai na zahiri, da iyaye a ciki.

Doka ma yanzu tana bayanmu, a takarda dai. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma amince cewa mai lalurar yana da haƙƙi da mutunci. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci tun Janairu na 2019 take, Jihar Legas kuma tana da ofishinta na kula da al'amuran naƙasassu. Bankin GTBank tun 2011 yake shirya taron galahanga na shekara-shekara a Legas, da ganin ƙwararru kyauta. Amma duk wannan da Turanci ake yi, a jarida da intanet, matar da ke cikin lungu a Agege ba mai gaya mata.

A nan ne nake ganin nauyin ya dawo kanmu. Mu mutane ne masu haɗa kuɗi cikin awa guda in za a kai gawa gida, ko za a yi belin wani a ofishin 'yan sanda. Ƙungiyar masu shanu, da ta 'yan canji, da ta masu tumatir da albasa, da kwamitin masallaci, da fadar Sarkin Hausawa ta kowace unguwa, duk suna da asusu. Kuɗin motar zuwa Oshodi sau ɗaya a wata da kuɗin maganin yaro guda bai kai abin da ake kashewa a walimar naɗin sarauta ɗaya ba. Mai rumfa a kasuwa zai iya ɗaukar saurayi irin wannan ya ba shi aiki ƙayyadadde, ƙirgar buhu ko jera kaya ko rubuta shiga da fita, awa uku a rana, a kusurwa mai sauƙin hayaniya, da sharaɗin yaran shago ba za su mai da shi abin wasa ba. Zaman banza da kaɗaici suna cikin abin da ke ciyar da ciwon damuwa. Maƙwabciya kuma ta karɓi uwar na yini ɗaya a mako ta samu ta yi barci, domin ita ma tana dab da faɗuwa, ga gajiya ga gorin dangin miji cewa daga wajenta aka kwaso.

Abin da ya fi gaggawa, kuma ba ya cin ko kwabo, tafinta ne. Muna da 'ya'ya haifaffun nan da ke jin Hausa da Yarabanci da Turanci kamar ruwa, wasu suna karatun jinya, wasu suna aiki a asibitocin da na ambata. Kowace fada ta nemi mutum biyu daga cikinsu, mace da namiji, waɗanda za su iya riƙe sirri, liman ya sanar a masallaci ranar Juma'a cewa duk mai yaro irin wannan da ke son rakiya asibiti ya zo a haɗa shi da su. Macen ta fi muhimmanci, domin akwai abin da uwa ba za ta faɗa a gaban namiji ba ko da ɗan cikinta ne.